Kafin ka biya kuɗin ƙaramar tab a Kaduna: abin da za ka duba da yadda za ka duba shi

Ƙaramar kwamfutar hannu, wadda 'yan kasuwa ke kira tab, ita ce wadda fuskarta ke tsakanin inci 7 zuwa kusan inci 9. Ta fi waya faɗi, ba ta kai babbar iPad nauyi ba, tana shiga aljihun kaftani ko jakar hannun mace. A shagunan da ke kan titin Ahmadu Bello da cikin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi za ka tarar da su jere a gilashi, sababbi cikin kwali da na hannu, kuma a ido duk kamar ɗaya suke. Abin da ke raba ta ƙwarai da wadda za ta koma abin wasan yara bayan wata uku ba a kyan jiki yake ba. Yana ga shekarar da ta fito, da manhajar da take iya ɗauka, da ko tsohon mai ita ya sake ta da gaske.

Fara da batun inci, don a nan ake yawan ruɗewa. Ana auna fuska ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ba a tsaye ko a kwance ba. Shi ya sa mai wayar inci 6.7 kan ce me zai yi da tab mai inci 8, ai bambancin bai taka kara ya karya ba. Ya taka. Wayoyin yanzu dogaye ne sirara, tab kuwa tana da faɗi, har filin fuskar iPad mini mai inci 8.3 ya kusa ninka na waccan wayar. Siffar ma tana da nata aikin. Tsofaffin iPad mini suna da siffar 4:3, kusa da shafin littafi, don haka shafin Alƙur'ani bugun Madina mai layi 15 yakan zauna a kai ba sai an yi ta ja da yatsa ba, haka ma takardun PDF na 'yan KASU da Kadpoly. Yawancin na Android sun fi tsawo, sun fi dacewa da kallon bidiyo. Wanda karatu ne gabansa ya san inda zai karkata.

Sanin yadda waɗannan na'urori suka fito yana da amfani a bakin kanta, domin duk waɗannan tsararrakin suna nan suna yawo a kasuwa. Apple ya fitar da iPad ta farko mai inci 9.7 a 2010, a shekarar kuma Samsung ya kawo Galaxy Tab mai inci 7. Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya kushe girman inci 7 a watan Oktoba na shekarar, har ya yi ba'a cewa sai an haɗa wa mai saye da samfefa ya goge yatsunsa su ƙanƙance. Kasuwa ba ta saurare shi ba. Amazon ya saki Kindle Fire a 2011 kan dala 199, Google da Asus suka biyo da Nexus 7 a tsakiyar 2012 kan wannan farashin. Ranar 23 ga Oktoba, 2012, shekara guda bayan rasuwar Jobs, Apple ya gabatar da iPad mini: inci 7.9, nauyi giram 308, kauri milimita 7.2, kan dala 329. Dabarar ƙirarta ita ce an rage bakin gefe sosai don tafin hannu ɗaya ya riƙe ta, aka kuma koya wa manhajar ta yi watsi da babban yatsan da ya kwanta a gefen gilashi. An bar mata adadin ɗigon hoto irin na iPad 2, wato 1024 da 768, don duk manhajojin babbar su hau kanta ba gyara.

To wannan ta 2012 ɗin har gobe ana sayar da ita, tana ƙyalli, an goge ta tas. Kada ka saya. Ram ɗinta, wato wurin da take riƙe ayyukan da ke buɗe, megabait 512 ne, babbar manhajar da ke tafiyar da ita kuma ta tsaya a iOS 9, kusan babu wata manhajar zamani da za ta sauka a kanta.

Juya ta ka karanta bayanta

A ƙasan bayan yawancin iPad akwai ƙaramin rubutu mai lambar da ta fara da harafin A. Wannan lambar ce takardar haihuwarta. A1432 da A1454 da A1455 su ne ta farko. A1489 da A1490 mini 2 ce ta 2013, wadda ta fara zuwa da fuska mai kaifi ta Retina. A1599 da A1600 mini 3 ce ta 2014, mai karanta zanen yatsa. Waɗannan biyun sun tsaya a iOS 12. A1538 da A1550 mini 4 ce ta 2015, ta tsaya a iPadOS 15. A2133 da A2124 da A2126 mini 5 ce ta 2019. A2567 da A2568 mini 6 ce ta 2021, mai inci 8.3, wadda aka cire wa maɓallin gaba da ramin iyafis, aka sa mata bakin caji na USB-C. Bayanta akwai ta Oktoban 2024 mai ƙwaƙwalwar A17 Pro, wadda mafi ƙarancin ma'ajiyarta gigabait 128.

Mini 4 da mini 5 kamar tagwaye suke a waje, kuma nan ne ake cutar mutane, alhali tsakaninsu shekara kusan huɗu ce. A ra'ayinmu mini 5 ce mafi ƙanƙantar abin da ya kamata mai neman ta hannu ya tsaya a kai: ƙwaƙwalwarta A12 ce, ta karɓi iPadOS 26 na 2025, tana aiki da alƙalamin Apple na farko, kuma tana da ramin iyafis. Mini 4 tana iya yi wa mai karatu kawai, amma tana bakin gaɓa. WhatsApp ya fitar da manhajarsa ta iPad a watan Mayun 2025, tana neman iPadOS 15.1 zuwa sama, ke nan mini 4 da ƙyar ta tsallake, waɗanda suka riga ta fitowa kuwa an rufe musu ƙofa.

Tun da ana canza murfin baya, kada ka tsaya ga rubutun waje. Shiga Settings, sai General, sai About, ka taɓa layin Model Number, lambar A za ta fito. In ta saɓa da ta baya, an yi wa na'urar haɗe-haɗe.

Sai babban abu, kulle. Tun daga iOS 7 a 2013 kowace iPad tana ɗaure da asusun iCloud na mai ita, kuma goge ta ba ya kwance wannan ɗaurin sai da kalmar sirrin asusun. Hanyar gwaji ɗaya ce tak. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a goge ta a gabana." A shiga General, a je Transfer or Reset, a zaɓi Erase All Content and Settings. In ta tashi, ka kunna mata intanet daga wayarka, ka bi matakan har ka ga fuskar gida. In ta tsaya tana neman imel da kalmar sirrin wani, a kulle take. In allon Remote Management ya fito, ta wata makaranta ce ko kamfani a ƙasar waje, suna iya rufe ta daga can duk ranar da suka ga dama. Akwai waɗanda aka yi wa abin da masu gyara ke kira baifas, wato an zagaye kullen da dabara. Irin wannan takan yi aiki lafiya lau a shago, amma ranar da aka goge ta ko aka sabunta ta sai kullen ya dawo, sau da yawa kuma layi ba ya aiki a cikinta. Alamarta ita ce mai shago zai ce maka, "Malam, ba sai an goge ba, ai ga ta tana aiki." Ajiye masa abarsa. Gwajin bai wuce minti goma ba, ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya jin haushinsa.

Android ma tana da irin nata kullen tun daga 5.1: in an goge ta ba tare da an cire asusun Google ba, tana iya neman tsohon imel. Gwajin iri ɗaya ne.

Jiki, gilashi da batir

Kwantar da ita rub da ciki a kan gilashin kantar shagon, ka danna kusurwoyi huɗun ɗaya bayan ɗaya. In tana rawa, ta lanƙwashe, galibi don an zauna a kanta a aljihun baya. Ɗaga ta daidai idonka ka duba gefe. Gilashin da ya ɗan ɗago daga mazauninsa ko dai batir ne ya kumbura yana tura shi, ko an taɓa buɗe ta an manne da gam. Batir mai kumburi haɗari ne, ba abin neman ragi ba ne.

Ƙure haske, ka buɗe hoto fari fat, sannan baƙi ƙirin. A farin za ka ga tabo mai rawaya ko ɗigon da ya mutu, a baƙin za ka ga haske yana yoyo ta gefe. Don gwada taɓawa, danne wata alamar manhaja har ta fara rawa, ka ja ta a hankali ka zagaye fuskar layi-layi kamar mai huɗa a gona. Duk inda ta suɓuce daga yatsanka, wurin ya mutu. A mini 1 zuwa 3 gilashin sama daban yake da allon hoto, canza shi da sauƙi. Daga mini 4 an manne su wuri guda, in ya fashe duka za a canza, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Saboda haka kada ka yarda da "ɗan tsagi ne kawai" sai an zabge kuɗin sikirin daga farashi. Ka yi rajistar zanen yatsanka nan take. Maɓallin Touch ID a ɗaure yake da allon cikin na'urar tun daga masana'anta, in an canza shi zai danna amma ba zai ƙara karanta yatsa ba.

Tsofaffin iPad ba sa nuna lafiyar batir a Settings kamar iPhone. Masu gyara suna jona ta a kwamfuta su duba da manhajar 3uTools, a ga sau nawa aka cika ta da abin da ya rage na ƙarfinta. Apple ya ce batirin iPad an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin ɗari bayan cikakken caji 1,000. In babu kwamfuta a kusa, yi lissafi. Sabuwar mini awa 10 aka ce tana yi, ke nan minti 15 na bidiyo da matsakaicin haske bai kamata ya ci fiye da kashi 3 ko 4 ba. In ya ci 10, batirin ya gaji. Ka kuma sa caja ka ɗan motsa kan wayar. In caji yana ɗaukewa yana dawowa, bakin ya sassauta ko ya cika da datti.

Lasifika, makirufo da kyamara ba sa buƙatar dogon bayani: ɗauki bidiyon daƙiƙa goma kana magana, ka saurara.

In Android za ka saya

A nan sabuwa ta fi kwanciyar hankali, kuma kuɗinta bai kai na iPad ba. Wadda aka fi gani ita ce Samsung Galaxy Tab A9 ta 2023, inci 8.7, batir mai mAh 5,100, ƙwaƙwalwar Helio G99. Yayarta A7 Lite ta 2021 girmansu ɗaya, batirinsu ɗaya, amma A7 Lite ta fi A9 jinkirin aiki nesa ba kusa ba, don haka a duba lamba: SM-X110 da SM-X115 su ne A9, SM-T220 da SM-T225 su ne A7 Lite. Mai ƙarewa da 5 ita ce mai ɗaukar layi. Rauninsu a fuska yake. Ɗigo 1340 da 800 a kan inci 8.7 bai wuce 180 a kowane inci ba, alhali daga mini 2 zuwa sama 326 ne. A bidiyo ba za ka damu ba, amma a ƙananan wasullan Larabci ido yana ganewa, musamman idon dattijo. Buɗe shafi ɗaya a kan kowace ka gwada kafin ka yanke.

Ram kada ya gaza gigabait 4, ma'ajiya kada ta gaza 64, domin manhajar na'urar kaɗai takan cinye fiye da 10. Ka lura da rubutun kwali irin "4+4". Huɗun farko ne ram na gaskiya, na biyun aro ne daga ma'ajiya, kuma ba ya da sauri.

Sai tarin marasa suna, masu rigar roba kala-kala da ake saya wa yara, kwalinsu na iƙirarin gigabait 256 ko 512 a farashin da bai kai na ƙaramar waya ba. Da yawansu an sauya rubutun About ne ya faɗi abin da babu. Sauke CPU-Z ko AIDA64 ka ga ainihin ƙwaƙwalwar, duk da su ma akan yaudare su. Gwajin da ya fi shi ne ka tura mata manyan bidiyoyi har su haura gigabait 20, ka buɗe na farko da na ƙarshe. Mai ƙarya takan cika tun da wuri, ko fayilolin su ƙi buɗuwa. Karkata fuskar gefe kuma: in launi ya juye ya yi duhu, allon mai arha ne, zai gajiyar da idon yaro. Daga nan ka shiga Play Store, Settings, About, ka duba layin Play Protect certification. In bai ce na'urar tana da shaida ba, wasu manhajojin banki ba za su yarda da ita ba.

Biyu kuma masu suna ne amma suna ba mutane mamaki. Amazon Fire 7 da Fire HD 8 ba su zuwa da Play Store, shagon Amazon ne a ciki, wasu ma da talla a allon kulle. Na Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da manhajojin Google. Ba lalatattu ba ne, amma ba na wanda ke son ya kunna ya ci gaba da harkarsa ba ne.

Layi ko Wi-Fi kaɗai? iPad mai layi data kawai take sha. Ba ta kiran waya da layin, ba ta danna *312# ko *323#, don haka sai ka sayi data ta manhajar kamfanin ko ka tura daga wayarka, kuma kada ka sa mata layin da banki ke turo maka lambar sirri a kai. Samsung mai layi kuwa tana kira tana karɓar saƙo kamar waya, *#06# ma zai nuna maka IMEI, wato lambar shaidar na'urar, ka gwada da na kwali. Wani abin da ba a cika faɗa ba: iPad mai Wi-Fi kaɗai ba ta da GPS. Ma'aikacin da ke shiga ƙauyukan Giwa ko Kajuru yana ɗaukar bayanai da wurin da aka ɗauka, mai layi ce tasa ko da ba zai sa layin ba. Ta 2024 mai layi ba ta da ramin sim, eSIM take amfani da shi, wato layin da ake saukewa a cikin na'urar ba tare da kati ba. In tokunbo ce daga Amurka, sa layinka ka ga 4G ya fito da idonka, domin wasu a ɗaure suke da kamfanin can, wasu kuma ba su da zangon 4G (band) da kamfanoninmu ke amfani da shi, wato 3 da 7 da 20 da 28. Layin dole ya kasance an haɗa shi da NIN.

A rasit a rubuta lambar siriyal ko IMEI, da kwanan wata, da kwanakin gwajin da kuka yi yarjejeniya. Kada ka sayi ta hannu a gefen titi daga wanda ba shi da shago. Kayan sata in aka bi sawu, wanda aka samu da shi a hannu shi ke fara amsa tambaya.

Bayan ka kai ta gida

Kafin komai, gilashin kariya da riga mai kauri a kusurwa, don ta kusurwa gilashi ke fashewa. Sannan sabunta manhaja a inda akwai Wi-Fi, batir ya haura rabi, saboda sabuntawa ɗaya takan ci gigabait da dama, in kuma ta mutu a tsakiya sai an kai ta filashin. Buɗe asusun da kanka, ka rubuta imel da kalmar sirri a takarda ka adana. Wasu iPad da ke kwance a kulle a gidaje ba na sata ba ne, yaron shago ne ya buɗe asusun, mai ita bai taɓa sanin kalmar ba.

A Android sa Gboard ka ƙara Hausa cikin harsuna, za ka samu ƙ da ɗ da ɓ. Katin memori ka nemi mai alamar A1 ko A2 daga shagon da ka sani, jabunsa ya yi yawa. iPad ba ta ɗaukar kati sam, abin da ka saya da shi za ka zauna, don haka gigabait 16 ko 32 ba za su ishe ka ba. In ta yara ce, Family Link a Android ko Screen Time a iPad za su ba ka damar ƙayyade awanni da hana saye da saukarwa, kuma lambar da za ka sa kada ta zama shekarar haihuwar kowa a gidan.

Caji shi ke kashe yawancinsu a garin nan. Mini 6 da caja mai wat 20 ta zo. Ƙaramar cajar waya mai wat 5 za ta kwana ba ta cika ta ba, wani lokaci ma ta rubuta Not Charging. Caja mai arha ta cikin go-sulo ba ta tace wuta, ita ke ƙona abin da ke karɓar caji a ciki, ko ta sa fuska ta riƙa danna kanta. Lokacin da aka dawo da wuta ko aka tada janareta, bari ta daidaita na minti biyu kafin ka jona. Wanda wutar unguwarsu ke hawa da sauka gara ya caja fawa banki, shi kuma ya caja tab. Mai mAh 10,000 yana ɗauke da kimanin wat-awa 37, amma wajen kashi ɗaya cikin uku yana tafiya a zafi da juyin wuta, batirin mini 6 kuma 19.3 ne, ke nan cika ɗaya da ɗan ɗori za ka samu, ba uku ba.

Apple ya ce a yi amfani da iPad tsakanin digiri 0 zuwa 35, zafin Kaduna a Maris da Afrilu kuwa yakan wuce haka a inuwa ma. Kada a bar ta a gaban mota an faka a rana, kada a caja ta ƙarƙashin filo, kada yaro ya riƙa wasan gem tana jone. In ta yi zafi cire rigar ka ajiye ta a kan tayil, ban da firij, domin raɓa za ta taru a ciki. Wadda za a ajiye tsawon zangon karatu a bar ta da rabin caji a kashe, ba a cike ba, ba a mace ba.

Da hunturu ƙura takan dunƙule a bakin caji har kan waya ya daina shiga ƙarshe, mutum ya ɗauka bakin ya lalace. Kashe ta, haska tocila, ka sa tsinken sakace na itace ka yayo dattin a hankali ta gefe, kana kauce wa harshen da ke tsakiyar USB-C. Ban da allura, ƙarfe ne, yana haɗa wuta. Da damina in ruwa ya shige ta, kada ka kunna don ka ga ko tana aiki, kada ka sa caji, kuma buhun shinkafa ba ya cire ruwan da ya riga ya kai allon ciki. Kashe ta ka kai wa mai gyara a ranar, ya buɗe ya cire batir ya wanke allon da sifirit kafin tsatsa ta kama.